Idan an saki ɗan kunya a daji, ta yaya ake sanin ya rayu?

Ƙanena, tambayar da ka turo ita ce idan jami'an kwastam ko ma'aikatan gandun daji suka ƙwato ɗan kunya, wato dabbar nan mai ɓawo a jiki da take dunƙulewa in ta ji tsoro, da ransa daga hannun masu safara, aka yi masa jinya aka mayar da shi daji, ta yaya ake sanin inda ya nufa da kuma ko ya rayu, sannan wannan na'urar da kake gani a hoto manne a bayansa ba ta cutar da shi ne, kuma ko za a iya irin wannan aikin a nan Najeriya. Toh bari in amsa maka a tsanake, dan abin yana da ɗan tsawo.

Abin da nake so ka fara riƙewa shine, buɗe akwati a bakin daji a ɗau bidiyo dabba tana tafiya, wannan ba ceto bane tukuna. Ɗan kunyar da aka ƙwato yawanci ya kwana biyu a cikin buhu ko durom ko but ɗin mota, ba ruwa ba abinci, ga tsoro, wani da raunin tarko a ƙafa, wani ciwon huhu ya riga ya kama shi, wani gyambon ciki. A ƙasashen Asiya ma har ɗura musu garin masara da tsakuwa ake yi dan su yi nauyi a sikeli. Irin wannan dabbar za ta iya tafiya ƙalau a gaban kyamara, bayan sati biyu ta mutu a cikin rami ba wanda ya sani, a rahoto kuma an riga an rubuta an ceto guda kaza. Wallahi wannan abin yana damuna sosai, shi yasa duk wanda ya ce min ya saki ɗan kunya tambayata ta farko ita ce wa ya bi bayansa, kuma har tsawon wane lokaci.

Iri takwas ne aka sani a duniya, huɗu a Asiya huɗu a Afirka. Namu na Afirka akwai mai farin ciki da mai baƙin ciki, wato launin fatar cikinsu ake nufi, su biyun ƙanana ne kuma masu hawa bishiya, sai na ƙasa guda biyu, wato babban nan da yake haura kilo 30, da wanda ake kira na Temminck, wanda yake daga Afirka ta Kudu har zuwa Sudan da Chadi. A taron CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, na 2016 a Johannesburg aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe gaba ɗaya, amma ka ga a watan Afrilu na 2019 kaɗai Singafo ta kama kwantena biyu na ɓawonsu, kowacce sama da tan 12, kuma duk daga Najeriya aka yi lodinsu. Dabba ce da take haihuwar ɗa ɗaya tak, shi ma kusan sau ɗaya a shekara, kenan duk guda ɗayan da ya rayu ya hayayyafa yana da daraja.

Yanzu batun na'ura. Sauran dabbobi kamar zaki ko giwa a wuya ake ɗaura musu, amma ɗan kunya ba shi da wuyan da zai riƙe abu, kansa siriri ne ya zarce da jiki, ga shi yana dunƙulewa yana shiga ramuka, duk abin da ka ɗaura zai zame ko kuma ya maƙale a saiwa ya shaƙe shi. Saboda haka a ɓawo ake kafa ta. Ana zaɓar ɓawo babba mai kauri a ƙasan baya kusa da gindin wutsiya, a huda ƙananan huji biyu a gefen da ya saki jiki inda babu jini babu jijiya, a sa faranti a ƙarƙashi lokacin hudawa dan kar a taɓa fata, a ɗaure da ƙananan noti, a shafe gefen da gam mai ƙarfi yadda ciyawa ba za ta kama ba. Ɓawon nan sinadarinsa ɗaya da farcenka, kuma yadda yankan farce ba ya maka zafi muddin ba a kai ga nama ba, haka shi ma. Abin da yake wahalar da shi ba hujin bane, riƙon da ake masa ne da hayaniyar mutane, shi yasa ake so likitan dabbobi ya yi aikin da sauri a wuri shiru, wani lokaci a haɗa da lokacin da aka sa shi barci dan duba lafiyarsa.

Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce nauyin na'ura kar ya wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin dabbar. Yi lissafi da kanka, mai farin ciki da yake kilo 2, iyakarka giram 60 zuwa 100 ne, har da batir da noti da gam. Shi kuwa na Temminck mai kilo 10 zai ɗauki na'ura biyu ba matsala. Wannan lissafin shi yake yanke maka irin aikin da za ka iya yi tun kafin ka fita daga ofis.

Na'urar da ta fi daɗewa kuma har gobe ita ce ƙashin bayan aikin ita ce ta rediyo, wadda ake kira VHF. Ba ta aiko maka da komai a waya, ƙara kawai take fitarwa ƙit ƙit ƙit a kan mitar da aka ware wa wannan dabbar, kai kuma kana riƙe da eriya da akwatin karɓa kana juyawa har ka ji ta inda ƙarar ta fi ƙarfi. Sai ka ɗau alƙibla da kamfas, ka yi sauri ka koma wani wurin ka sake ɗauka, in son samu ne wuri uku, inda layukan suka haɗu a taswira nan yake. Dole ka yi sauri tsakanin awo da awo, dan idan yana tafiya to layukanka za su haɗu a inda ba ya nan. Kuma duwatsu suna dawo da sigina, sai ka yi ta bin ƙara zuwa gabas alhali dabbar tana yamma, wannan sai da gogewa ake gane shi. In ya shige rami mai zurfi siginar takan yi rauni sosai, sai ka hau tudu ko saman mota. Amfaninta shine ba ta da nauyi, ba ta da tsada sosai, batirinta yana kai watanni da yawa har shekara, kuma ita ce take kai ka har bakin ramin ka ga dabbar da idonka. Da yawansu ana saita su yadda in dabba ta daɗe ba ta motsa ba bugun ƙarar zai canza, ka san ko dai ta mutu ko na'urar ta faɗi, sai ka garzaya tun gawar ba ta lalace ba a gano abin da ya kashe ta.

Ta biyu ita ce GPS, wadda take ɗaukar wurin da dabba take lokaci lokaci ta ajiye, wata ta turo ta tauraron ɗan'adam, wata sai ka matso kusa ka sauke bayanan. Tana da daɗin aiki, amma ɗan kunya yana kwana a rami ko kogon bishiya tsawon yini, GPS kuma ba ya ganin sama daga cikin ƙasa, in ka bar ta tana neman sigina da rana batir kawai take ƙonawa. Dole a saita ta ta riƙa farkawa a lokutan da yake fita kiwo. A daji mai duhuwa kuma kuskurenta yana ƙaruwa. Wuraren da suke da hali suna haɗa biyun ne a kan dabba ɗaya, tauraron ya faɗa maka unguwar da yake, rediyo ta kai ka wurinsa. Akwai kuma ƙaramar na'urar auna motsi da ake haɗawa a ciki, tana nuna lokacin da yake kwance da lokacin da yake tafiya ko tono, sai kyamarar tarko, wato mai ɗaukar hoto da kanta in abu ya gifta, da ake kafawa a bakin rami ta nuna ƙarfe nawa ya fita, ƙarfe nawa ya dawo, da kuma ko akwai ɗa a kan wutsiyar uwa.

A Biyetnam ƙungiyar Save Vietnam's Wildlife ta sha wahalar bin waɗanda take saki a dazuzzukan tsaunuka irin Pu Mat, inda mutum zai yini yana hawa dutse bai ji ƙara ko ɗaya ba, sai suka koma ɗora akwatin karɓar sigina a kan jirgi maras matuƙi, ya tashi sama da bishiyoyi ya saurari na'urori da yawa a tashi ɗaya. Dabara ce mai kyau. Amma jirgin ba zai faɗa maka dabbar ta rame ba.

Nan ne nake so ka tsaya da kyau, dan nan mutane suke ruɗuwa da ɗigo ɗigon da suke gani a kwamfuta. Ɗigo yana motsi a taswira ba ya nufin lafiya. Ɗan kunyar da yake yawo kilomita da kilomita kowane dare a satin farko, sau da yawa ba ƙarfi ne ya yi masa yawa ba, wurin ne bai karɓe shi ba, ko bai samu irin tururuwar da yake ci ba, ko ya ji warin wani namijin da ya riga shi, ko kuma yana neman hanyar gida. Yana ƙona ƙarfinsa kuma ba ya mayarwa. Su dabbobi ne masu tsantseni wurin abinci, ba kowace tururuwa ko gara suke ci ba, a cikin iri masu yawa da ke wuri kaɗan suke zaɓa, ba su da haƙori, da dogon harshe suke lasowa, ƙasa da ƴan tsakuwoyin da suke haɗiya su taya ciki niƙawa. Abin da zai gaya maka gaskiya shine sikeli. A same shi, a ɗaga shi a dunƙulensa a sa a jaka a auna, a duba idonsa da fatar cikinsa da kaska da raunuka, a mayar da shi cikin ƴan mintuna. Raguwa kaɗan a kwanakin farko ba abin tashin hankali bane, amma in awo bayan awo yana ta sauka, ni a ganina da ya doshi kashi 10 cikin ɗari a ɗauko shi a koma jinya, kar a tsaya jiran ikon Allah alhali da abin da za a iya yi.

Aikin da ya fi burge ni a wannan fannin shine na gandun Phinda a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu. Ɗan kunya ya ɓace a yankin shekaru da dama, sai a 2019 aka fara kawo waɗanda aka ƙwato daga masu safara, da haɗin gwiwar African Pangolin Working Group da asibitin namun daji na Johannesburg. Ba sa saki kai tsaye. Kullum sai a fita da shi wurin da ake so ya zauna, mutum yana biye da shi yana kiwo na awanni, ana lura da abin da yake ci, a auna shi kafin da bayan kiwo, a dawo da shi ɗaki ya kwana, sai an ga yana ci yana ƙara nauyi sannan a bar shi ya kwana a waje, kuma ko bayan nan ana zuwa dubawa kusan kullum da farko, sannan a riƙa ragewa a hankali. Ba duka suka rayu ba, amma an samu waɗanda suka zauna har aka samu haihuwa, kuma haihuwar nan ita ce ma'aunin da ya fi kowanne. Gidauniyar Tikki Hywood a Zimbabuwe ta daɗe tana irin wannan rainon, kuma tana da cibiya a Kamaru.

Batun faɗin wurin yawo kuma, abin da ake nema shine a ga lokacin da ya natsu. Za ka riƙa auna nisansa daga inda aka sake shi dare bayan dare, da farko nisan yana ta ƙaruwa, sai a kai wani lokaci ya tsaya, ka ga yana juyawa tsakanin ramukan da ya sani. Daga nan ne lissafin faɗin gidansa yake da ma'ana, in ka haɗa da yawon satin farko za ka fitar da adadi mai girma wanda ba gaskiya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a zagaye ɗigon da suka fi nisa da layi a auna cikin, amma tafiya ɗaya da ya yi ta bazata sai ta kumbura adadin, shi yasa ake ƙarawa da lissafin da yake nuna inda ya fi yawan zama, a fitar da wurin da ya ƙunshi kashi 95 na zamansa a matsayin gida gaba ɗaya, na kashi 50 a matsayin tsakiyar gida. Bambancin iri da iri kuwa babba ne. Na Temminck yana iya riƙe murabba'in kilomita da yawa, wasu mazan sama da 10. Mai farin ciki da aka bi a Gabon a shekarun 1970, maza hekta 20 zuwa 30 ne, mata hekta 3 zuwa 4. Kusan ko'ina namiji ya fi mace faɗin yawo kuma gidansa yana ratsa na mata fiye da ɗaya. Shi na Temminck ma ba ya cika haƙa raminsa, na dabgi da beguwa da gadu yake shiga, kenan dajin da aka kashe dabginsa ya rage masa wurin kwana ko da tururuwa ta cika shi.

Lokacin fita ma sai an yi hankali wurin fassara shi. Yawancinsu da dare suke kiwo, amma binciken da Wendy Panaino ta yi a Tswalu cikin hamadar Kalahari ya nuna a lokacin sanyi da ƙarancin abinci sukan koma fita tun da rana, dan jikinsu ba ya riƙe zafi sosai kuma sanyin dare yana cin ƙarfinsu. Mai baƙin ciki kuwa dama can na rana ne, a Dzanga-Sangha ta Afirka ta Tsakiya mutanen Ba'aka ne suke bin su da ido a saman bishiyoyi suna rubuta abin da suke yi. Toh in ka ga wanda ka saki ya fito da rana tsaka, kar ka yanke hukunci sai ka duba irinsa da yanayin gari da nauyinsa.

Bibiyar nan ce kuma ta tona abubuwan da suke kashe su waɗanda ba wanda ya zata. A Afirka ta Kudu shingen lantarki na gonaki da gandaye yana kashe ɗaruruwa a shekara, saboda na Temminck a kan ƙafafun baya yake tafiya, cikinsa da ba ɓawo shi yake taɓa wayar ƙasa, da ya ji shokin sai ya yi abin da ya saba wato ya dunƙule, sai ya dunƙule a kan wayar, wuta ta yi ta dukansa har ya mutu. Da aka gane haka aka fara gyara tsayin wayar ƙasa a wasu wurare. A Taiwan kuma karnukan da suke yawo sake ne suke yawan ciccije musu wutsiya.

A Najeriya za a iya, kuma akwai masu ƙoƙari, irin su Farfesa Olajumoke Morenikeji ta Jami'ar Ibadan da ƙungiyarta ta kare ɗan kunya, da Charles Emogor da ya yi aiki a dazukan Kuros Riba, wanda bincikensa ya nuna yawancin waɗanda ake kamawa a can saboda nama ake kama su, ɓawon daga baya yake biyowa. Wannan yana da muhimmanci ga mai saki, dan yana nufin haɗarin ba sai babban dillali ya zo ba, manomi ne da karensa a hanyar gona. Mafi yawan wanda za ka samu da rai a nan mai farin ciki ne, kenan ƙaramar rediyo ce abin da ya dace da kai, da sikeli mai kyau, da tocila mai jan haske, da mutum biyu ko uku ƴan yankin da suka san dajin kuma ake biyansu albashi a kan lokaci. Tsofaffin mafarauta sun fi kowa iya wannan aikin in an riƙe su da mutunci. Ka nemi izinin hukumar gandun daji ta ƙasa ko ta jiha kafin ka taɓa dabba, dan doka ta kare ta. Kuma ka zaɓi wuri da hankali, wanda aka kamo daga kurmin kudu in ka kai shi busasshen daji na arewa ka kashe shi ne, sannan binciken ƙwayoyin halitta ya nuna mai farin ciki ya kasu zuriya zuriya daga yanki zuwa yanki, in an san inda ya fito gara a mayar da shi kusa da can. Gandayen dajin ƙasa irin na Gashaka Gumti da na Kuros Riba suna da masu gadi, wannan ya fi dajin da ba mai tsaro. Kar kuma a yi saki ana tsakiyar ƙona daji da rani.

Sai maganar sirri. Mitar rediyon da lambobin wurin da dabba take kar su fita daga hannun mutum kaɗan, dan duk mai akwatin karɓa da ya san mitar zai iya zuwa har ramin. Hoton waya yana ɗauke da wurin da aka ɗauke shi a ciki, ka kashe wannan kafin ka ɗora a Facebook, kuma kar ka nuna dutse ko rafi da za a gane. Ko sawun ƙafarka da kake bi kullum zuwa rami ɗaya hanya ce ga mafarauci, ka riƙa canzawa, ka tsaya ta inda iska ba za ta kai masa warinka ba, dan idonsa ba ƙarfi amma hancinsa da kunnensa suna aiki sosai.

Na'ura tana faɗuwa, wannan ka sa a lissafi tun farko, ɓawo yakan tsage ko noti ya kwance musamman ga masu hawa bishiya da suke matsa jiki cikin kogo, zaki da kura ma in suka yi ta gwagwiyar dunƙulallen ɗan kunya suka kasa, na'urar ce take tafiya. Duk lokacin awo ka taɓa notin ka ji. Ni dai ina ganin bibiya kar ta gaza shekara ɗaya in da hali, dan a ga ya wuce rani da damina duka. Ka rubuta ranar da batir zai ƙare a inda kowa a tawagar zai gani, kuma tun da sauran wata ɗaya ko biyu a nemo shi, ko a canza na'urar in za a ci gaba, ko a kwance ta gaba ɗaya, dan in batir ya mutu tana jikinsa ba ka da hanyar sake samunsa ka cire masa ita.